Arhar Garinmu, Gumin Wa Ke Biyanta?



Kwanakin baya a wani gidan suna, hira ta biyo ta kan wata 'yar danginmu da ke aikin jinya a Ingila. Wata ta zaro waya ta buga lissafi: a ce albashinta fam 2,000 ne a wata, fam ɗaya kuwa a 2024 ya haura naira 2,000, ke nan miliyan 4 duk wata. Ta ce, "Amma ku dubi ɗan abin da take aiko wa uwarta. Wallahi rowa ce kawai!" Kowa ta sa baki, ni ma na gyaɗa kai. Sai da na koma gida na kwanta zuciyata ta fara tuhumata.

Kuɗin canji yana gaya miki naira nawa za a ƙirga miki idan kika miƙa fam ɗaya. Ba ya gaya miki abin da fam ɗin zai saya a garin da aka same shi. Yarinyar nan can take biyan haya, can take biyan kuɗin ɗumama ɗaki da hunturu, haraji kuma tun kafin albashi ya iso hannunta an cire shi. Mu muka ɗauko kuɗinta muka kai kasuwar Rimi a cikin zuciyarmu, muka yi cefane da shi, sannan muka yanke mata hukunci.

Masana tattalin arziki sun daɗe da gane wannan kuskure. Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gustav Cassel shi ya yayata ma'aunin da ake kira daidaiton ƙarfin saye a 1918. Ma'anarsa ba wuya: a haɗa kwandon kaya iri ɗaya, abinci da sutura da haya da kuɗin mota da magani, a ga nawa zai ci a nan, nawa zai ci a can. Tun 1968 ake gudanar da wani shiri na duniya na tattara irin waɗannan farashi, wanda Bankin Duniya ke jagoranta. Da shi ake auna talauci. Don haka in kin ji an ce wanda ba ya samun dala 3 a rana yana cikin matsanancin talauci, kamar yadda bankin ya tsayar a watan Yunin 2025, ba dalar 'yan canji na Wapa ake nufi ba. Ana nufin abin da dala 3 za ta iya saya a Amurka. A wannan lissafi, kwandon da ke cin dala ɗaya a can bai kai ya ci rabin dala a Nijeriya ba.

Mu matan aure ma bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Malaman Malikiyya da suka zo maganar ciyarwar da ke kan miji ba su yanke adadin kuɗi ba. A Muhtasar na Shehu Halil an rataya ta ne kan ƙarfin miji da matsayin matar da garin da suke da kuma farashin kaya.

To shi ke nan, na wanke yarinya daga zargin rowa. Amma sai wata tambaya ta taso wadda ta fi ta farko nauyi, don ita kaina ta nuna: me ya sa garinmu ya fi arha?

A 1964 masana biyu, Bela Balassa da Paul Samuelson, kowa da nasa rubutun, suka ba da amsar da har yau ake koyarwa. Kaya iri biyu ne. Akwai mai tafiya: waya, fetur, alkama, taki, magani. Shi farashinsa yana bin kasuwar duniya, domin in ya yi arha a nan za a loda shi a kai inda ya fi tsada. Ko hatsinmu na Dawanau haka yake, in naira ta faɗi a gaban sefa sai fatake daga maƙwabta su gan shi kamar kyauta. Akwai kuma wanda ba ya shiga mota ko jirgi: kitso, lalle, wanki, ɗinki, surfe, rainon yara. A ƙasar da masana'antu ke da injuna da wutar da ba ta ɗaukewa, ma'aikaci yana samar da abu mai yawa, ana biyansa da yawa, dole mai kitso ma a biya ta da kyau, in ba haka ba ta ajiye tsinke ta tafi inda ake biya. A nan fa? Ina za ta?

Kin ga ke nan. Ba don hannun mai kitson Landan ya fi na tamu iya shuku ba ne. Arhar da muke yi wa na waje gori da ita, mu ce gara gida, babban kasonta arhar gumin mutane ne. Kuma yawancinsu mata ne irinmu, zawarawa da uwayen marayu da 'yan matan da aka ɗauko daga ƙauye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ita wannan mata da kuɗin unguwa take sayar da aikinta, amma da inuwar dala take sayayya. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin fetur. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mai kemis ya ƙara kuɗi a ranar da dala ta motsa, mai burodi ma haka. Ma'aikacin gwamnati ya samu mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, ko da bai isa ba. Mai wankinki ba ta da ƙungiyar ƙwadago. Ke ce gwamnatinta.

Na san abin da za a ce, don ni ma na faɗa. Mu ma a matse muke, kuɗin cefanen da Maigida ke bayarwa ba ya kai mu ƙarshen wata. Ciniki ne da yardar juna, ba wanda ya yi wa wani dole. In ka ƙara wa 'yar aiki, maƙwabta su ce kin ɓata musu su. Wata ma za ta ce in kitso ya yi tsada mata za su koma yi wa juna, mai kitson ta rasa gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen yana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na cewa uwargida ɗaya za ta gyara tattalin arzikin ƙasa daga tsakar gidanta.

Amma batun yarda, a nan nake da ja. Mu duba inda muke taya kaya da inda ba ma tayawa. A gidan mai ba ma cewa uffan. Leshi na biki, a faɗi kuɗi mu ɗan yi ƙorafi mu biya. Sai yarinya mai tallan gyaɗa ko tsohuwa mai surfe ta zo, a nan bakinmu ke buɗewa, a nan muke nuna mun iya ciniki. Ba don kayanta ya fi tsada ba, sai don mun san ba za ta iya juyawa ta tafi ba. Wadda ta baro yara ba a ɗora tukunya ba, in ta ce "to, kawo", anya yarda ce ko kuwa yunwa ce ta amsa? Cinikin zai iya inganta a hukunce, ban isa in ce bai inganta ba. Sai dai ni ban ga yadda zan kira shi adalci ba.

Ma'aunin da masana ke gwada ƙasa da ƙasa, sai na gwada shi a cikin gidana, tsakanin jiya da yau. Na daina ƙirga ladan mai kitsona da naira, na ƙirga shi da mudu. Shekarar da ta fara zuwa gidana, kuɗin kaina da na yara mata mudun shinkafa nawa yake saya mata, yanzu kuma nawa? Sau biyu na yi mata ƙari a tsakani, har ina jin kaina mai kirki. Da na lissafa sai na ga mudun nata ya ragu da fiye da rabi. Ashe duk shekarun nan rage mata nake yi, tana kuma yi mini godiya.

Ranar Asabar za ta zo. Na riga na gaya wa Maigida cewa kuɗin kitso ya tashi. Ya ɗago kai ya ce, "Har shi ma?" Na ce har shi.