Maɗaurin Wuyan Hannu da Hukuncin Shafa a Alwala

Daga cikin mas'alolin da likitancin zamani ya taso wa masu nazarin fikihu da su akwai ta maɗaurin da ake sanya wa majinyaci a wuyan hannu bayan an huda masa jijiyar jini domin binciken zuciya, kasancewar wurin da maɗaurin yake zama yana cikin gaɓar da aka wajabta wankewa a alwala, wato hannu zuwa gwiwar hannu. Tambayar ita ce ko wanda lokacin salla ya riska yana ɗaure da wannan na'ura zai sassauta ta ya wanke wurin, ko zai shafa a kanta, kuma maganar wa za a bi wajen tabbatar da cewa akwai cutarwar da ta kai a bar wanki.

A da, likitocin zuciya ta jijiyar matsematsi suke zura siririn bututun da ke kaiwa ga jijiyoyin zuciya, kuma majinyaci kan kwanta rigingine sa'o'i da dama bayan an gama, don gudun kada jini ya ɓalle. A shekarar 1989 Lucien Campeau, wani likita a birnin Montreal na Kanada, ya wallafa rahoton majinyata 100 da aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsu ta jijiyar wuyan hannu, wadda ake jin bugunta a gefen babban yatsa, sannan a 1992 Ferdinand Kiemeneij ya buɗe toshewar jijiyar zuciya ta wannan hanya a Amsterdam ta ƙasar Holan. Manyan gwaje-gwaje da suka biyo baya, irin su RIVAL a 2011 da MATRIX a 2015, sun nuna cewa hanyar hannu ta fi ƙarancin matsala a wurin hudar, shi ya sa asibitoci da yawa suka mayar da ita hanyar farko. Sai dai jinin wannan jijiya da ƙarfin bugun zuciya yake tafiya, kuma yawanci an riga an ba majinyacin maganin hana daskarewar jini mai suna hefarin, don haka auduga da filasta ba sa tsayar da shi. Wannan ne ya sa aka ƙera maɗauri na musamman, wanda mafi shahararsa shi ne TR Band na kamfanin Terumo na Japan: roba ce garai-garai da ake iya hango fata ta cikinta, tana da 'yan ƙananan balan-balan biyu a ciki da ɗigon kore da ake daidaitawa da wurin hudar, ana hura mata iska da sirinji, ba a wuce mililita 18.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai son fahimtar hukuncin shi ne cewa yawan iskar nan a kan awo yake. Idan ta yi kaɗan jini zai fita, ko ya taru ƙarƙashin fata hannu ya kumbura. Idan ta yi yawa kuma jijiyar za ta matse gaba ɗaya, jini ya daskare a cikinta, ta toshe. Binciken da Samir Pancholy ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 2008 kan majinyata 436, ya nuna cewa matsa wurin daidai gwargwadon da zai tsayar da zubar jini alhali jini yana ci gaba da gudana a cikin jijiyar yana rage toshewa ƙwarai. Nas kan tabbatar da haka ta hanyar maƙala na'urar auna bugun jini a yatsa, ta danne ɗaya jijiyar da ke gefen ƙaramin yatsa, ta duba ko bugun bai ɓace ba. Daga baya sai ta riƙa zuƙe iskar kaɗan-kaɗan tana lura da wurin, har a cire maɗaurin bayan 'yan sa'o'i. Toshewar wannan jijiya sau da yawa ba ta da zafi, domin ɗayar tana ciyar da hannun, amma asara ce, saboda ana iya buƙatarta nan gaba a aikin tiyatar zuciya ko wajen shirya hannu don wankin ƙoda.

Batun jinin kansa shi ne mafi sauƙi. A mazhabar Malikiyya, wadda galibin Hausawa suke bi, fitar jini daga rauni ba ya warware alwala, haka ma a wurin Shafi'awa, yayin da Hanafawa suke ganin jini mai gudana yana warware ta. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi salla bayan an soke shi alhali rauninsa yana zubar da jini. Ɗan jan tabon da ake hangowa ƙarƙashin robar kuwa yana cikin abin da aka yi rangwame a kansa, tun da Malikawa sun yafe jinin da bai kai faɗin dirhami ba.

Wanki ne ke buƙatar tsayawa. Malaman fikihu suna da babi a kan jabira, wato karan ɗori ko duk abin da aka ɗora a kan karaya ko rauni domin magani, kuma Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya tsara hukuncin daki-daki a Muhtasar: wanda ya ji tsoron wanke rauni sai ya shafa a kansa, idan hakan ma zai cutar ya shafa a kan jabirar, idan ita ma ba ta taɓuwa ya shafa a kan ƙyallen da aka naɗe ta da shi. Abin lura shi ne ya ambaci wurin da aka tsaga jijiya don fitar da jini cikin misalansa, domin tsagar jijiya magani ne sananne a zamaninsa, don haka wanda ya ce maɗaurin asibiti baƙon abu ne da littattafai ba su san irinsa ba bai karanta babin da kyau ba. Roba da iska ne sababbi, dalilin hukuncin kuwa yana nan yadda yake. Malikawa ba su sharɗanta a ɗora jabira a kan tsarki ba, wanda hakan sauƙi ne babba ga wanda aka shiga da shi ɗakin aiki cikin gaggawa. Shafi'awa sun sharɗanta hakan, sun kuma haɗa shafar da taimama, yayin da Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan cewa wurin da aka rufe hukuncinsa ya faɗi, babu wanki babu shafa. Duk saɓanin nan a kan abin da zai maye gurbin wanki ne, babu ɗaya daga cikinsu da ya ce a kwance ɗauri a bar jini ya zuba.

Inda mas'alar ta zama ta tunani shi ne ma'anar tsoron cutarwa. Majinyacin yana zaune a kan gado, yana magana, yana motsa yatsunsa, bai ga jini yana fita ba, saboda haka zuciyarsa kan raya masa cewa shi lafiyayye ne mai neman sauƙin da bai cancanta ba. Amma fikihu bai rataya hukunci a kan abin da mutum yake ji a jikinsa kaɗai ba. Masu sharhin Muhtasar sun bayyana cewa tsoron da ake la'akari da shi shi ne wanda ya dogara a kan jarrabawa ko a kan bayanin masanin likitanci. A nan ilimin yana hannun wadda ta hura iskar kuma ta san adadin hefarin da aka bayar, kuma malamin da aka tambaya ba shi da hanyar sanin haɗarin sai ta bakinta. Haka kuma sun bambanta tsakanin cutarwa mai sauƙi, inda shafa take halas, da tsoron halaka ko cutarwa mai tsanani, inda shafa take zama wajibi. Ɓallewar jini daga jijiya mai bugawa a jikin mai ciwon zuciya ya fi kusa da kashi na biyu, wanda ke nufin cewa mai sassauta maɗauri don ya cika alwala ya bar abin da aka umarce shi da shi, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Abu Dawud ya ruwaito labarin mutumin da aka yi wa rotse a kai cikin tafiya, abokansa suka ce ba shi da damar taimama, ya yi wanka ya rasu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora laifin a kan waɗanda suka ba da fatawa ba da sani ba.

Mai ja zai iya cewa tun da maɗaurin na 'yan sa'o'i ne, jira ya fi, kuma maganarsa tana da ƙarfi idan lokaci yana da faɗi, kamar wanda aka ɗaure wa hannu da hantsi kuma za a kwance kafin La'asar. Amma lokacin zaɓi na Magariba gajere ne a mashahurin zancen Malikawa, ga shi kuma wani lokaci jini kan sake fitowa a mayar da iska, jiran ya tsawaita, kuma ko bayan cire maɗaurin akan rufe wurin da filasta a hana jiƙa shi da dogara a kan hannun har kwana ɗaya ko biyu, wanda ya shafi sujada ma, ko da yake a mazhabar Malikiyya goshi ne wajibin da ke cikinta. Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda ba a cika lura da shi ba: mai jinya ya naɗe maɗaurin da leda ko ƙyalle tamau don kada ruwa ya shiga, ya ƙara matsi a kan jijiyar, ya kuma rufe wa nas wurin da take dubawa.

Abin da ya dace da dalilai shi ne majinyaci ya wanke tafi da yatsu da damtsen da ke sama da maɗaurin a hankali ba tare da lanƙwasa wuyan hannu ba, da taimakon wani idan ya buƙata, ya shafi robar da jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya ba tare da taɓa bakin iskar ba, ya koma taimama idan likita ya hana jiƙa hannun ɗungurungum. Ya kamata asibitocin da ke wannan aiki su riƙa yi wa Musulmi wannan bayani tun kafin a shiga ɗakin aiki, malamai kuma su tambayi likita kafin su amsa wa mai tambaya.