Haƙƙin majinyaci ne ya san ciwon da ke jikinsa

A hanta ake haɗa ruwan maɗaciya, sai ya bi wasu siraran bututai ya gangara cikin hanji domin narkar da maiƙo. Idan ciwon daji ya tsiro a waɗannan bututai, hanya takan toshe: idanu su yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya koɗe, ƙaiƙayi ya hana barci. Da an ga haka sai a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe, makonni su shuɗe kafin hoton asibiti ya fallasa gaskiya. Ranar da sakamako ya fito kuwa, sau da yawa babban ɗa ko ƙane ake ja gefe a sanar wa, dangi su haɗa baki a ɓoye wa mai ciwon. Tausayi ne ya kawo haka, amma kuskure ne, a likitance da addinance.

Tiyata kaɗai ke iya raba mutum da wannan cuta baki ɗaya, kuma yawancin masu ita sukan iso asibiti bayan damar ta wuce. Shi ya sa tambayar farko ga likita ita ce: ina ƙarin yake, cikin hanta, ko a mahaɗar bututan da ke ƙofarta, ko can ƙasa kusa da hanji, kuma zai ciru? Amsar ta cancanci a kai ta gaban likita na biyu, wanda ya ƙware a tiyatar hanta. Idan ba zai ciru ba, akwai ɗan bututu da ake zurawa ta baki a buɗe hanyar, shawarar ta sauka. Akwai haɗin magungunan gemcitabine da cisplatin da ake amfani da shi tun 2010, aka ƙara masa durvalumab a 2022. Suna tsawaita kwana, ba sa warkarwa. Kowane zaɓi na cin kuɗi da ƙarfi, wani har gona yake ci. Jikin nasa ne, dukiyar tasa ce, yaya za a yanke hukunci a bayan idonsa?

Magabata ba su yi wannan ɓoyon ba. Da aka soki Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan Hijira, an shayar da shi madara ta fito ta raunin, kowa ya gane inda aka dosa, har shi kansa. Da wannan sani ya umarci ɗansa Abdullahi ya lissafa basussukansa, ya nemi izinin Nana A'isha a kan makwancinsa, ya ware mutum 6 su zaɓi halifa. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ma a kan shimfiɗar jinya a Makka ya yi tambaya kan wasiyya, Manzon Allah (SAW) ya iyakance masa sulusi, kuma ya warke ya rayu shekaru masu yawa. Wasiyya, biyan bashi, mayar da amana, neman gafarar wanda aka zalunta, ba mai yi wa wani su daidai.

Za a ce firgici zai ƙarasa shi, kuma Allah kaɗai ya san ajali. Na biyun gaskiya ne, sai dai likita bayanin cuta yake yi, ba ranar mutuwa yake yankewa ba. Na farkon kuwa gargaɗi ne a kan salon faɗa, bai halatta ƙarya ba. A faɗa sannu a hankali, a gaban wanda ya amince da shi, a haɗa da abin da za a iya yi. Shi fa mai ciwo ba yaro ba ne, yana ganin ramarsa, yana jin raɗar da ake yi a zaure. Wanda da bakinsa ya ce ba ya son jin bayani, a girmama zaɓinsa, amma shi za a tambaya.

'Yan uwa, ku shiga ɗakin likita tare da shi, ɗaya ya riƙe biro ya rubuta amsoshi. Idan zazzaɓi da rawar sanyi suka zo a kan shawarar nan, ku kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.