Kuɗin Gida Da Kuɗin Maƙwabtaka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya san Wudil, garin nan na bakin kogi da ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya san bayan gidajen ƙasa na cikin gari masu soro da dakali, akwai wasu gidaje da suka zo daga baya, waɗanda a da ake ce musu ginin zamani. Irin wannan gini ya yaɗu a garuruwanmu bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, balle kuma da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975. Bulo ne da siminti da rufin kwano, ga baranda a gaba, ga tagogi masu faɗi don shan iska, sa'an nan ga 'yar gajeriyar katanga wadda mai wucewa zai iya miƙo gaisuwa ta samanta. Yau gidajen sun doshi shekara 50, watau abin da aka kira na zamani ya soma zama na tarihi.

Mazaunan irin wannan layi sukan yi alfahari da shi. Za ka ji tsoho yana lissafa wanda ya fara aza tubali, da wanda ya dasa darbejiyar ƙofar masallaci, da shekarar da aka yi gayya aka haƙa magudanar ruwa. To, shin wannan alfahari yana cikin girman kan da addini ya hana?

An taɓa kawo kusan irin wannan tambaya gaban Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa da Annabi ya yi gargaɗi a kan girman kai, sai wani mutum ya ce ai mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Aka bayyana masa cewa son kyau Allah ma Yana son sa, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka wanda ya shafe gidansa da farar ƙasa, ya share ƙofarsa, ya ji daɗi don layinsu ya yi kyau, bai yi laifi ba. Adawa da aka zarga cikin Suratush Shu'ara'i, an zarge su ne don sun yi ta gini a kan tuddai don wasa da nuna isa, kamar za su dawwama. Ma'auni dai yana wajen raini. Ranar da 'yan layi suka soma ganin masunci ko mahaucin da ya tare kusa da su bai isa ya zauna a tabarmarsu ba, ran nan alfaharinsu ya shiga inda aka hana.

Amma fa inda maganar ta fi wuya shi ne wajen sayarwa. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga Kwalejin 'Yan Sanda, ga kuma kasuwar shanu ta ranar Juma'a, buƙatar ɗakunan haya da kantuna ta ƙaru. A ce maigida ya rasu ya bar magada goma, kowa yana jiran rabonsa. Mai saye ya zo da kuɗi a hannu, niyyarsa kuwa ya rushe gidan ya ta da bene. Maƙwabta suka taru suka ce ba su yarda ba, domin za a ɓata musu layi. Wa ke da gaskiya?

In an je gaban alƙali Bamalike, maƙwabtan ba za su dawo da abu mai yawa ba. A mazhabar Imamu Malik, shufu'a, watau haƙƙin karɓe abin da aka sayar a biya mai saye kuɗinsa, ta abokin tarayya ce a cikin dukiyar da ba a raba ba. Imamu Abu Hanifa ne ya ba maƙwabci na jikin katanga wannan haƙƙi. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya hana mutum ya buɗe tagar da za ta leƙa cikin gidan maƙwabcinsa, ko ya yi ƙofa daura da ƙofarsa, ko ya yi haƙan da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarsa ne. Amma cikin Muhtasar na Shehu Halilu, ginin da ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska ba a hana shi, sai fa in masussuka ya tare wa. Ashe ke nan benen zai tashi, barandar da aka yi don iska ta koma zufa, kuma ba wanda ya taka hukunci.

Sai dai alƙali iyakarsa abin da za a iya ƙwata da ƙarfin shari'a, haƙƙin maƙwabtaka kuwa ya wuce nan. Malamai suna ba da labarin wani Bayahude maƙwabcin Abdullahi ɗan Mubarak, wanda da zai sayar da gidansa ya ninka kuɗin, ya ce rabi na gidan ne, rabi kuwa na zama kusa da ɗan Mubarak ne. Labarin ya tono wani abu da dillalai suka sani sarai ko da ba su faɗa ba. Gidan da ke layin da ake gaisawa, ake tsawata wa ɗan kowa, ake fitowa jana'iza ba sai an aika ba, ya fi tsada bisa irinsa da ke wani wuri. Wannan ƙarin kuwa ba mamacin ne kaɗai ya gina shi ba. Matar da ta shekara 30 tana ƙara ruwa a miyarta don ta aika wa gidan, kamar yadda aka umurci Abu Zarri, tana da hannu a ciki. Magajin da ya sa kuɗin a aljihu ya tafi ba sallama, ya sayar har da guminta. Ga alama wannan yana cikin hikimar ruwayar Ibnu Majah daga Ibnu Abbas, wadda ta nemi mai sayar da fili ya fara yi wa maƙwabcinsa tayi.

Su ma maƙwabtan akwai magana a kansu. Ba daidai ba ne a ce marayu su haƙura da gādonsu don wani ya ci gaba da ganin layi yadda ya saba ganinsa tun yana saurayi. Mai son tsohon gida ya tsaya, sai ya taya shi tsayawa, domin kwano yana tsatsa, bulo yana tsagewa, kuma yabo ba ya toshe yoyo. A wasu ƙasashe hukuma ce ke ɗaukar wannan nauyi. Birnin Asmara na Eritiriya, wanda ya cika da irin ginin zamani na lokacin mulkin Italiya, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2017. A nan Kano ma an mai da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa gidajen tarihi. To, amma waɗannan gidajen sarauta ne da na Turawan mulki, gidan malamin firamare kuwa ba shi da mai tsaronsa sai mutanen layinsu.

Abin da ya fi dacewa, magada su tara maƙwabta su yi musu tayi kafin dillali ya ji, su ba su 'yan kwanaki ko wani zai iya saye, ko su haɗa hannu su saya. In abin ya faskara, dattawan layi su zauna da mai saye tun ba a haƙa harsashi ba, a daidaita inda tagogin sama za su fuskanta da inda ruwan indararo zai zuba. Ɗaliban da za su kama haya kuwa, ranar da suka sauke kayansu sun zama maƙwabta. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da maƙwabci baƙo a jere, ba ta gindaya sharaɗin daɗewa ba. Nana A'isha ta tambayi Annabi wanne za ta ba kyauta cikin maƙwabtanta biyu, ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa. A layin da ake magana a kansa, mai yiwuwa ƙofar da ta fi kusa ita ce ta benen nan da aka ƙi.

Allah Shi ne Mafi sani.