Tafiyar Ƙafa a Gaɓar Binuwai da Haƙƙin Hurumin Daji

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kafa duwatsu, Ya gudanar da koguna a tsakaninsu, Ya yanka wa kowane mai rai abincinsa da mashayarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda aka aiko domin jinƙai ga talikai, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, Allah Ya yi mana jagora, mutanen kudancin Kamaru an ba su teku. Wanda ya je Kribi zai taka rairayi har inda ruwan Lobe yake zubowa daga kan dutse zuwa cikin teku, wanda ya je Limbe kuma zai yi yawo a kan baƙin yashi a gindin Dutsen Kamaru. Mu mutanen arewa Binuwai aka ba mu. Kogi ne da yake tasowa daga tsaunukan Adamawa a arewacin Ngaundere, ya ratsa daji, ya taru a Lagdo, ya karɓi ruwan Mayo Kebbi, ya wuce ta ƙofar Garwa, ya haɗu da Faro kusa da iyaka, ya bi ta Yola da Makurɗi har ya zuba a Kwara a Lakwaja, tafiyar kusan kilomita 1,400. Bature Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, sai da ya ƙetare Sahara kafin ya tsaya a mahaɗar Binuwai da Faro a 1851, ya ɗauki ranar cikin manyan ranakun tafiyarsa. Mu kuwa kogin yana bayan gidajenmu, da yawanmu ba ma ganinsa sai ta tagar mota a kan gada.

Ka gwada tafiyar ƙafa a gaɓarsa da rani, bayan ruwa ya ja. Idan an sallame Asuba, ka gangara bakin kogi tun zafi bai taso ba, domin zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ba ya sassauta wa kowa. Za ka tarar da yashi mai sanyi a ƙarƙashin tafinka, masunta suna janyo kwalekwale suna kakkaɓe taru, mata sun fara shanya wanki, masu haƙar yashi suna loda. Ka yi gaba kaɗan inda hayaniya ta ragu, ka sunkuya ka dubi ƙasa. Akwai sawu mai faɗi, yatsu huɗu, ya nutse cikin laka. Dorina ce ta bi nan da dare. Hanyarta ba ta ɓoyuwa: layi biyu ne a jere, da ɗan tudu a tsakiya, sun fito daga ruwa sun nufi ciyawa, sun komo. Dabbar da ta wuni cikin ruwa ba a ganin komai nata sai ido da kunne da hanci, ita ce take fita cikin duhu ta ci ciyawa kusan kilo 40, ta dawo kafin gari ya waye. A jikin gaɓa mai tsayi kuma za ka ga ƙananan ramuka a jere, tsuntsaye masu ja da kore suna shiga suna fita da ƙwari a baki, kowanne ya san ƙofarsa, ba ya kuskure ta maƙwabci. Wanda ya tsaya a nan ya yi tasbihi, ya san abin da harshensa yake faɗa.

Wannan tsayuwa ba ɓata lokaci ba ce. Alƙur'ani ya sha nanata umarni da tafiya a bayan ƙasa da duban yadda aka fari halitta, kuma a ƙarshen Suratu Ali Imrana an yabi ma'abuta hankali da cewa suna haɗa ambaton Allah da tunani cikin halittar sammai da ƙasa. A Suratul An'ami an sanar da mu cewa dabbobi masu tafiya da tsuntsaye masu tashi al'ummu ne kamar mu. Malamanmu sun karantar da waɗannan ayoyi a zaure, mun haddace, mun ji tafsiri a watan azumi. Amma umarnin ya zo ne da tafiya da duba, su kuwa aikin ƙafa ne da ido. Ibada ce da ba ta neman guzuri ko tikitin jirgi. Talaka da mai kuɗi daidai suke a cikinta, tsoho mai sanda ma yana iya rabonsa.

Wanda yake da hali ya ƙara nisa, ƙasar ba ta yi rowa ba. Dutsen Tingilin yana arewa da gari, mai shimfiɗaɗɗen kai, daga samansa ana hango kwarin Binuwai da gonakin auduga. A Lagdo, kimanin kilomita 50 daga Garwa, madatsar da 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982 ta tara tafki mai tsibirai na duwatsu, har akwai wanda ake kira da sunan rema saboda yawanta a can. Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwazazzabon Kola, kusa da Gider, inda Mayo Luti ya yanka dutse ya yi wa kansa hanya. Da damina ruwa yana rufe wurin gaba ɗaya. Da rani sai ya janye, mutum ya sauka ya yi tafiya a kan yashi tsakanin bango biyu na dutse baƙi da fari, wani wuri ya buɗe, wani wuri ya matse har kafaɗa ta kusa gogar gefe. Ka shafa jikin dutsen, sumul yake kamar cikin tsohon turmi. Ba guduma, ba kurfi. Ruwa ne kawai, wanda babu abin da ya kai shi taushi, da shekaru waɗanda Allah kaɗai Ya san adadinsu. Tafiyar ba ta da tsawo, yaro ma yana gama ta, amma mai zuciya a farke ba ya fitowa yadda ya shiga.

Sai manyan dazuzzukan da hukuma ta keɓe. Gandun dajin Binuwai, a kan hanyar Ngaundere, an fara tsare shi a 1932, ya zama gandun ƙasa a 1968, faɗinsa hekta 180,000, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerinta a 1981. A sansanin Buffle Noir mai gadi yakan riƙe bindiga ya ja baƙi a ƙafa su bi gaɓa zuwa gurbin da dorinai suke taruwa, kada yana shan hantsi a kan yashi, mariya da kanki suna saukowa shan ruwa. A gabas akwai Buba Njidda a ƙasar Rai, mai ɗauke da sunan lamiɗon da ya yi zamani a can, hekta 220,000, matattarar yamusa mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda babu dangin barewa da ya kai ta girma. A yamma akwai Faro, wajen Poli, hekta 330,000. Can arewa mai nisa kuma Waza, ƙasar raƙumin dawa da jimina da gauraka.

Wasu suna cewa keɓe daji al'adar Nasara ce, ba ta shafe mu ba. Wannan magana ba ta da tushe a ilimi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, ya haramta sare itacen Madina da korar farautarta. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin sadaka. Malaman Malikiyya sun yi bayanin wannan a babin raya mataccen fili, Shehu Halilu ya kawo shi a Muhtasar, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi littafi a kan hukunce-hukuncen ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi maganar hurumin gari da na rijiya da ikon shugaba wajen keɓe makiyaya. Garuruwanmu na da duk suna da hurumi da burtali da mashaya, ba wanda yake saka garma a cikinsu.

Sai dai shari'a ta sa wa keɓewa sharaɗi, kuma a nan ne nake son mai karatu ya dakata. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa lokacin da Umar ya ɗora baransa Hunayyu a kan hurumi, ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare dabbobin Ɗan Aufu da na Ɗan Affana. Dalilinsa shi ne, attajiran nan biyu idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba yana kuka. Ka duba wa aka buɗe wa ƙofa, wa aka rufe wa.

Yanzu ka auna da halin da muke ciki. Gandayen nan uku na jihar Arewa, wato Binuwai da Buba Njidda da Faro, tare da yankunan farauta da suke kewaye da su, sun cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙasar jihar. Yawancin yankunan farautar an ba da su haya, baƙi masu kuɗi suna zuwa daga Turai da Amurka su biya su harbi ɓauna ko yamusa su tafi da ƙaho. Bororo mai neman hanyar da zai kai shanunsa ruwa, da manomin da ya baro tsaunukan Mandara saboda ƙarancin ƙasa, su ne suke cin karo da mai gadi. Ba na cewa a sake daji kowa ya shiga. Na san abin da sakaci yake haifarwa: masu haƙar zinariya sun birkice gindin koguna, masu gawayi sun kwantar da marke da ƙirya, makiyayi yakan sassabe rassan maɗaci da kawo har itacen ya mutu a tsaye. Kuma masu gadin nan bayin Allah ne da suke kwana a daji, wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. Abin da nake cewa shi ne, hurumin da maƙwabcinsa bai ga amfaninsa ba, bai taɓa taka shi ba sai a ɓoye, ba zai tsare shi ba ranar da ɓarawo ya zo.

Ɓarawon kuwa ya riga ya zo. A farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da manyan bindigogi suka shigo Buba Njidda daga gabas, suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni, suka sare haure suka bar gawarwaki suna ruɓewa, har sai da aka tura soja. Kafin wannan akwai rashin da ba shi da magani. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka, dazuzzukan arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe a duniya. Masu bincike sun zaga neman ta a 2006 ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare. Al'umma ce cikin al'ummun da Allah Ya halitta, tana tasbihi irin nata, ta shuɗe a zamaninmu, a ƙasarmu, domin ƙahon da ake sayarwa a kasuwannin nesa. Idan an azabtar da mace saboda kyanwa ɗaya da ta tsare har ta mutu, kamar yadda ya tabbata a hadisi, ina tsoron tambayar da za a yi a kan jinsi sukutum.

Ba bindiga kaɗai take kashe daji ba. Da aka gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, ambaliyar Logon da take shayar da fadamar Waza ta ragu, ciyawa ta canja, kifi ya yi ƙaranci, namun daji da shanu duk suka sha wuya, sai a 1994 aka fara buɗe wa ruwan hanya ya koma. Lagdo ma ta ba mu lantarki, amma ta rage ambaliyar da manoman masakwa suke jira a ƙasan kogi, a shekarun ruwa mai yawa kuma, irin 2012, sakin ruwanta ya haɗu da damina ya ci garuruwa har cikin Najeriya. Suratul Ƙamari ta ba da labarin yadda aka raba ruwan sha tsakanin mutanen Annabi Salihu da taguwa, kowa da ranarsa. Duk mai tare kogi ya kamata ya karanta wannan ƙissa kafin ya zuba siminti.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a cikin Garwa akwai makarantar koyon kula da namun daji tun 1970, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suke turo ma'aikatansu. Ɗan Senegal da ɗan Kwango sun zo sun koyi sawun zaki a dajinmu, sun koma. Almajirin da yake karatu a tsangayar da ke kusa da katangarta bai taɓa ganin dorina ba sai a hoto. Wannan gyaransa ba shi da tsada. Malamin Islamiyya ya ɗebi ɗalibansa ranar Alhamis ya kai su gaɓa, ya karanta musu ayar tsuntsaye a inda tsuntsaye suke. Masu hali su haɗa kuɗin mota a kai yara Buffle Noir sau ɗaya kafin su balaga. Hukuma ta sauƙaƙa kuɗin shiga ga 'yan ƙasa, ta ɗauki 'ya'yan ƙauyukan gefen daji aikin jagora da gadi, kason kuɗin farauta da doka ta yanka wa al'umma ya isa hannunsu a ga rijiya da aji. Liman kuma ya ba wa maganar huɗuba guda, kamar yadda yake ba wa riba da gulma.

Ita ma tafiyar tana da ladubba. An hana biyan buƙata a mashaya da tsakiyar hanya da inuwar da mutane suke hutawa, an kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin sadaka, don haka ledar da ka tsinta a yashi ka ɗauke ta. Kada ka bar yaro ya ɗauki danƙo ya nufi ramukan tsuntsaye. Kada ka kunna wuta a busasshiyar ciyawa. A cikin gandu ba a sauka daga mota sai da mai gadi, a bakin kogi kuma ka tambayi masunta inda dorina take kwana kafin ka yi nisa, kada ka shiga tsakaninta da ruwa, musamman mai ɗa.