Jini a Kumfar Bakin Doki

Duk wanda ya tsaya kallon hawan angwanci ko kilisar yamma a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya ɗan ɗauke ido daga rawanin mahayi da jalalar sirdi, ya dubi bakin dokin. Kumfar da ya kamata ta fito fara tas, sau da yawa da ja-ja take fitowa. Abin da ya fi jinin muni kuwa shi ne sowar da ake yi masa. Yaro ya sako doki a guje, ya fizge linzami da hannu biyu, doki ya zame, kai a sama, baki a wangame, ido a waje, sai 'yan kallo su kaure da ihu, wai ga doki mai zafi, ga gwanin mahayi. Ƙarya ne. Dabba ce aka yaga wa baki a bainar jama'a, kuma ƙananan yaran da ke gefen hanya suna koyon cewa haka ake hawa.

Ɗaga leɓen doki ka gani da idonka. Tsakanin haƙoran gaba da na tauna akwai fili babu haƙori, nan linzami ke kwanciya. Dasashi ne siriri shimfiɗe a kan ƙashin muƙamuƙi, babu tsoka, babu kitse da zai tare. Linzaminmu na gargajiya kuwa ƙarfe ne mai harshe a tsakiya, da zobe da ke zagaye haɓa. Da an ja, harshen ƙarfen zai tashi ya tokari ganɗa, zoben ya matse muƙamuƙin ƙasa, sandar ta danne harshen doki da dasashinsa. Wuri uku ke nan a ja ɗaya. Kuma gwargwadon tsawon ƙafafun linzamin, gwargwadon yadda ƙarfin hannu ke ninkuwa kafin ya isa bakin. Shi ya sa yaro ɗan shekara 12 zai iya yi wa ingarma raunin da ƙato ba zai iya yi da ragama ba.

Na san amsar da za a ba ni: gado ne, da shi kakanninmu suka hau. Gaskiya ne, da irinsa suka hau. Ƙasar nan ƙasar mahaya ce. Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, kuma Alibawan Zurmi ba a koya musu zaman sirdi ba. Amma a tambaya, don me aka ƙera linzamin da wannan kaifi? Barde yana riƙe da mashi ko takobi a dama, hagu kaɗai ke gare shi ta sarrafa doki, a tsakiyar ƙura da kibau. Yana bukatar abin da ɗan motsin yatsa zai isa. Dokinsa kuma an daɗe ana horar da shi, ya san matsin cinya, ya san karkatar jiki, ya san muryar ubangidansa. Igiyar linzami a sake take yini, sai ran da rai ya zo wuya. Mun gaji ƙarfen, mun yar da horon, sa'an nan muna kiran sunan kakanni. Mutanen da Narambaɗa ya yi wa waƙar Dokin Iska Ɗanfilinge, nan maƙwabta a ƙasar Isa, da a ce wani ya dawo musu da doki baki na zubar jini, da ba zai sake taka likkafarsu ba.

Ko ƙarfen ma ba shi ba ne yanzu. Maƙerin asali yakan ga doki, ko a kawo masa awon bakinsa, ya ƙera, ya goge, ya shafa da yatsa har ya tabbata babu inda ke karta. Baduku ya yanko fata mai kyawun jima, ya shafe ta da mai har ta yi laushi. Yau guntun rodi ake lanƙwasawa, a ɗiga masa walda, a bar ƙurajen waldar yadda suke, a rataye a kasuwa. Maimakon fata sai igiyar leda, wadda in gumi ya jiƙa ta take cin bayan kunne da kumatu. Rashin tsaron da ya addabi yankin nan ya ƙara dagula lamarin: ƙauyuka sun watse, masu sana'a da dama sun bar maƙerarsu, kuma a 2021 har kasuwannin mako-mako gwamnatin jiha ta rufe na wani lokaci, cikinsu da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Wannan dalili ne, na yarda. Amma ba ɗan bindiga ne ya sa mai hayar dawaki ya riƙe linzami ɗaya yana cusa shi a bakin ƙuru da na ingarma da na duƙushi ba. Wa ke sayen takalmi ƙafa ɗaya ya ce duk gidan a riƙa sawa?

Na taɓa zama a wata barga wani saurayi ya jawo kili yana huci. “Baba, dokin ga bai jin linzami, sai an samo mai kaifi.” Tsohon da ke bargar bai ce masa kanzil ba. Ya tashi, ya zare linzamin a hankali, ya ce, “Taho, buɗe bakinai mu gani.” Kusurwar leɓe ta tsage hagu da dama. A dasashin hagu akwai gyambo mai baƙin baki, harshen kuma da tsohon tabo a gicciye, kamar an taɓa ɗaure shi da waya. Ga wari. Tsohon ya nuna komin abinci, dusa duk ta zube a ƙasa, an tauna an furzar. “Ɗana, ji ne ya yi mai yawa.”

Haka abin ke tafiya ko'ina. Ciwo ya sa doki kaɗa kai, da wangame baki, da ƙin tsayawa. A ce taurin kai ne, a ƙaro kaifi. Rauni ya warke ya bar tabo, tabo ba ya ji, a ƙara fizga. Wani lokaci ƙashin da ke ƙarƙashi ne ke kumbura, ko wani ɓallinsa ya mutu ya riƙa ruwa, doki ya rame ana ta ɗura masa kanwa da jiƙe-jiƙe ana zargin sammu. Ƙarshenta a sami dabbar da zafi ya fi ƙarfin tsoronta. Doki in azaba ta kai masa iya wuya, guduwa yake yi, kuma ba ya duba ko akwai 'yan mata masu tallar goro a gabansa. Duk mai cewa linzami mai kaifi shi ne tsaron jama'a ranar hawa, ya juya maganar.

A bar duƙushi ya girma, don Allah. Daga shekara 2 da rabi zuwa wajen 5 doki yana famfarar haƙora, bakinsa a dame yake ko ba a sa masa komai ba. Wasu kuma suna da ɗan ƙaramin haƙori daf da na tauna, daidai inda ƙarfe ke bugu. Haƙoran tauna su ma sukan yi kaifi a gefe su yanki kunci, sai likitan dabbobi ya goge su. Ana koyar da wannan aiki a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya, ba wani sirri ba ne.

Awon linzami kuwa bai kai kuɗin buhun harawa ba. Sa sumul ɗin kara a bakin doki inda ƙarfe zai zauna, yi alama a leɓe hagu da dama, kai wa maƙeri, ya ƙara kamar rabin santimita a kowane gefe. In ya matse zai tsunkuli leɓe, in ya yi faɗi zai riƙa zamewa yana gurza. Kada a ɗage shi har ya ja kusurwar baki sama, kada a sake shi har ya riƙa ƙwanƙwasar haƙora. Madaurin hanci ya bar wurin yatsa biyu, ya kuma zauna a kan ƙashi, nesa da taushin hanci, domin doki ba ya numfashi ta baki. Wanda ya shaƙe masa hanci ya sa shi sukuwa, numfashinsa ya tsare. Fatar da ta bi bayan kunne kada ta danne gindin kunnen. A wanke ƙarfe bayan kowane hawa, busasshen yawu da ƙasa su ma suna karta. Kuma a cikin zafin bazara, kada a ɗauko linzamin da ya yini a rana a tura shi baki, taɓa shi da tafin hannunka tukuna. Dokin da bakinsa ya ji rauni, a huta masa da ƙarfe, a ja shi da ragama har ya warke, ko da sallah ce gobe.

A gasar rawar dawaki ta duniya, da alƙali ya ga sabon jini a bakin doki, an fitar da mahayin ke nan, ko ɗan wace ƙasa ne. Mu ba sai mun jira Turawa sun koya mana ba. A Sahihu Muslim akwai hadisin Jabir da ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska. In mari a waje haramun ne, ina ga tsaga ganɗa daga ciki don a burge 'yan rakiyar ango?

Masu hayar dawaki, ku ne farkon masu laifi, don kun san bakin kowane doki a turkenku, kuna karɓar kuɗi ku miƙa shi ga wanda bai taɓa riƙe ragama ba. Maƙera, in yaro ya zo ya ce a ƙara wa harshen linzami tsawo, ku ce a'a. Iyaye, ɗanku da ya dawo da jini a hannun rigarsa, ku tambaye shi na wane ne. Sai fada. Allah ya ja zamanin sarakunanmu na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, wannan magana ce da kalma ɗaya daga bakinku ta fi dogon rubutuna tasiri. A sa Shamaki, ko duk wanda ke kula da barga, ya tsaya da likitan dabbobi a inda dawaki ke taruwa kafin hawan sallah, a ɗaga leɓen kowane doki. Wanda aka samu da gyambo a mayar da shi turke, ko na hakimi ne.