Kirarin Gari: Fata, Fahariya ko Bashi?

Duk motar da aka yi wa rajista a Zamfara tana yawo da magana gaba da baya. A jikin lambarta an rubuta taken jihar da Turanci, cewa noma shi ne abin alfaharin mutanenta. Motar haya takan tashi daga Gusau ta nufi Funtuwa, ta bi ta Kwatarkwashi da Tsafe ɗauke da wannan take, tana wuce gonakin da ciyawa ta cinye saboda masu su ba su iya biyan harajin da ɓarayin daji suka yanka musu ba. Idan halin gari ya saɓa wa sunan yabon da aka laƙaba masa, me sunan ya zama? Ƙarya, ko addu'a?

Tun kafin a san lambar mota, Bahaushe yana yi wa gari kirari. Kano ta Dabo ce, tumbin giwa. Katsina ɗakin kara, Sakkwato birnin Shehu, Daura tushen Hausa, Bauci kuwa ta Yakubu. Gusau ita ce ta Sambo, wato Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya kafa garin a farkon ƙarni na 19. Irin wannan kirari ba ya cika baki a kan komai. Yana faɗin asali ne kawai, kamar yadda ake jingina ɗa ga mahaifinsa, shi ya sa ba ya tsufa. A yi damina mai albarka ko a yi fari, Gusau ta Sambo ce.

Sunayen sarautun yankin ma haka suke, suna riƙe da abin da taswira ta manta. Sarkin Gusau har yau Sarkin Katsina ake ce masa, domin ƙasar da garin yake a da can yammacin Katsina ce. Na Bunguɗu Sarkin Fulani ne. Na Tsafe kuwa 'Yandoto ake kiransa, kuma a nan ne darasin yake. 'Yandoto tsohon birnin malamai ne da ya yi suna tun kafin jihadi, almajirai na zuwa daga nesa neman karatu. Da malamansa suka ƙi amsa kiran Shehu, Muhammadu Bello ya yaƙe shi a shekarun farko na jihadin, jama'arsa ta watse. Shaharar garin da ilimi ba ta zama masa ganuwa ba. Sunan ya tsira a fadar Tsafe, makarantun ba su tsira ba.

Taken jiha wani abu ne dabam. An ciro Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, zamanin Janar Sani Abacha, kuma kamar sauran jihohi ta sami abin rubutawa a lambar mota. Sakkwato ta zaɓi mazaunin daular Usmaniyya, Kano cibiyar kasuwanci, Barno gidan zaman lafiya, Filato gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Wanda ya san abin da ya sami Maiduguri daga 2009, ko Jos daga 2001, ya san cewa ba Zamfara kaɗai takenta ya juya wa baya ba. Abin ma ya girmi Najeriya: Halifa Mansur ya kafa Bagadaza a 762 ya sa mata suna Birnin Aminci, Hulaku ya shige ta a 1258 ya yi mata kaca-kaca.

Sai dai a yi wa Zamfara adalci, ba daga sama ta tsinto takenta ba. Jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, kuma gyaɗa da auduga ne suka jawo shi. Garin ya ga injin gurzar auduga, ya ga masaƙa, ya ga dalar buhuna a bakin tasha. Fadamun gulbin Sakkwato da suka bi ta Bunguɗu suna ba da amfani rani da damina, kasuwar Tsafe kuma 'yan hatsi daga nesa suke mata tsinke. Wanda ya rubuta taken ya faɗi abin da idonsa ya gani ne.

To me addini ya ce? Musulunci bai ƙi a yi wa gari kyakkyawan suna ba. Alƙur'ani ya kira Makka Ummul Ƙura, ya kuma kira ta amintaccen gari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi jinin a ci gaba da cewa Yasriba, ya kira garinsa Madina da Ɗaiba. Yana son kyakkyawan fata, har ranar Hudaibiyya da ya ga Suhailu ya zo sulhu ya yi wa sahabbai bushara da sauƙi saboda sunansa. Amma shi ɗin ne kuma ya sauya sunan Barra zuwa Zainab, domin sunan farko yana ɗauke da tsarkake kai. Ke nan akwai iyaka tsakanin fata da yabon kai, kuma siririya ce. Suratul Kahfi ta ba da labarin manomi mai gonaki biyu da ya shiga gonarsa yana taƙama, yana ganin ba za ta taɓa ƙarewa ba, aka wayi gari yana tafa hannu. Ba noman aka zarga ba, mantawa da Mai bayarwa aka zarga.

Mas'alar ta fi tsauri a kan suna na biyu da jihar ta samu. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a gaban ɗimbin jama'a, ta fara aiki a Janairun 2000, kuma daga nan duk inda Bazamfare ya shiga sai a ce ga ɗan jihar Shari'a. Suna ne mai daɗi, amma mai nauyi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Darda'i ya rubuta wa Salmanul Farisi yana gayyatarsa zuwa ƙasa mai tsarki, wato Sham, Salmanu ya mayar masa da cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne yake tsarkake shi. Idan ƙasar Sham ba ta tsarkake mazauninta, allon da aka kafa a bakin iyakar jiha ba zai yi ba. Malamai sun ƙidaya kare rai da dukiya da mutunci cikin manyan manufofin Shari'a. Jihar da ta amsa wannan suna da waɗannan za a fara auna ta, kafin a zo kan bulala.

Yanzu kuma ga suna na uku, wanda ba a rubuta a ko'ina ba amma ya fi sauran yaɗuwa: matattarar 'yan bindiga. Dalilansa ba ɓoyayyu ba ne. A 2021 an kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, an sace Sarkin Bunguɗu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, an rufe kasuwannin mako, an katse layukan waya a faɗin jihar. A Satumban 2023 an ɗauke ɗaliban jami'ar tarayya ta Gusau daga gidajen hayarsu a Sabon Gida. Duk da haka Suratul Hujurati ta hana jifan juna da munanan laƙabobi, kuma babu dalilin da zai sa hanin ya tsaya kan mutum ɗaya ya ƙyale al'umma. Ɗan Tsafe da ya je Legas neman abinci, aka ji garinsu aka ja baya, an zalunce shi sau biyu: ɓarawo ya raba shi da gona, bakin mutane ya haɗa shi da ɓarawon.

Akwai masu wa'azin da ke saurin jawo misalin Suratun Nahli, na garin da yake cikin aminci da wadata ya butulce, aka ɗanɗana masa yunwa da tsoro. Ayar gaskiya ce, gargaɗi ce ga kowa. Amma ɗora ta a kan talakan da ya sayar da shanun huɗarsa ya biya kuɗin fansar 'yarsa, alhali ba a ɗaga murya a kan masu iko, wannan ɗauke kai ne daga inda laifin yake.

Wasu na ganin a sauke taken noma tunda ya zama abin ba'a. Ba su yi daidai ba. Manomin da yake fita da fartanya bayan asuba, bai san ko zai dawo ba, ya cancanci taken fiye da kowane lokaci, na duƙe tsohon ciniki bai ci amanarsa ba. Wanda taken ke bi bashi shi ne mai karɓar kuɗin lambar motar. Gwamnatin da ta buga wannan magana a jikin ƙarfe ta ɗauki alkawari ne a bainar jama'a, kuma ba za ta sauke shi ba sai ranar da mutumin ƙauyen Tsafe ko Bunguɗu ya shuka gero ya girbe ba tare da ya nemi izinin kowa a daji ba.