Jiran Mako, Ko Haɗiye Labari Dare Ɗaya?

A zamanin da NTA Kaduna ke nuna Samanja Mazan Fama, mako guda mukan haƙura kafin mu sake ganin Usman Baba Pategi. Cikin kwanakin nan bakwai labarin kan zama namu: a tauna shi a majalisa, a yi gardama, kowa ya yanke hukuncinsa. Yau kuwa yaro kan kai wayarsa wurin masu turi, a zuba masa Labarina zango guda, ya haɗiye kafin asuba. Dattawa suka ce rashin haƙuri ne.

Mu dai muna ganin an yi gaggawar hukunci. Mai jiran mako ya sakankance zai kwana gidansa, maƙwabcinsa ma yana nan. A Gwaska ta ƙasar Birnin Gwari, inda 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40 a watan Mayun 2018, wa ke da wannan sakankancewa? Wanda labari ya shigo hannunsa ya ƙarasa shi a daren, ba mu ga laifinsa ba. Sai dai da safe babu abokin gardama, don 'yan majalisar wasu sun yi gudun hijira Kaduna, wasu cikin garin Birnin Gwari.